Daga Maƙeran Landan zuwa Sofanen Roba: Tarihin Daidaita Ƙotar Bindiga

Bindigar harbin tsuntsaye, wadda ke watsa ƙananan ƙwayoyin dalma a maimakon harsashi guda, ba ta da ma'aunin saiti na baya irin na bindigar soja, kuma maharbi ba ya samun sukunin tsayawa ya auna tsuntsun da ya riga ya tashi. Idonsa ne ke tsayawa a madadin wannan ma'auni, inda idon zai sauka kuwa ƙota ce ke ƙayyade shi, wato itacen da ake tokarawa a kafaɗa a kwantar da kunci a kansa. Idan ƙota ta sunkuya fiye da kima harbi ƙasa zai yi, idan ta miƙe da yawa ya bi ta bisa, ko da kuwa hannun maharbin bai yi kuskure ba.

A Ingila ne wannan fahimta ta zama sana'a. Joseph Manton, wanda ya rasu a 1835, shi ake ɗauka uban maƙeran bindiga na Landan, kuma a wurinsa James Purdey ya yi aiki kafin ya buɗe shagonsa a 1814. Bayan tsakiyar ƙarni na 19, da bindigar da ake ɗurawa ta gindi ta kori wadda ake ɗurawa ta baki, sai masu hannu da shuni suka rungumi farautar kora, inda barori ke tayar da tsuntsaye su bi ta kan maharba da gudu, al'adar da ta ƙara ƙarfi bayan an saya wa Yariman Wales gandun Sandringham a 1862. A irin wannan harbi babu damar gyara tsayuwa, don haka aka koma auna mutum kamar yadda tela ke auna mai riga: tsawon ƙota daga kunama zuwa kafaɗa, sunkuyawarta ƙasa da layin bututu, da karkatarta dama ko hagu gwargwadon faɗin fuska da ƙirji.

A 1889 W. P. Jones na Birmingham ya yi rajistar bindigar gwaji, mai ƙota da gaɓoɓin ƙarfe waɗanda ake juyawa da makulli, kuma ana harbi da ita. Akan tsayar da mai saye yadi 16 daga wani faifan ƙarfe da aka shafe da farar ƙasa, ya ɗaga bindiga ya harba ba tare da dogon saiti ba, gwani kuma ya matsa ya duba inda tabon dalma ya taru. Ƙa'idar da aka gada ita ce, kaucewar inci ɗaya a kan faifai na neman gyaran kashi ɗaya cikin 16 na inci a ƙota. Da wannan awo ake sassaƙa sabuwar ƙota daga itacen walnat, ko a lanƙwasa tsohuwa ta hanyar kwarara mata mai mai zafi a wuya har itacen ya yi laushi, aikin da ke da kasada, domin wani itacen yakan tsage, wani kuma ya koma yadda yake bayan 'yan watanni.

Duk wannan gata ne na mai kuɗi. Masana'antun Amurka sun bi wata hanya dabam, suka ƙera wa kowa ƙota iri ɗaya mai tsawon kimanin inci 14, kamar ta Remington 870 da ta fito a 1950 aka kuma sayar da miliyoyinta, sai ya zamana dogo da gajere da bahago kowa shi ke lanƙwasa jikinsa ya dace da bindiga.

Sauyi ya zo ne a ƙarshen ƙarni na 20, musamman daga kamfanonin Italiya irin su Beretta da Benelli, kuma tsarin bindiga mai ɗura kanta ne ya ba da ƙofa. Ita bindiga mai baki biyu ƙarfenta ya kutsa cikin itace, amma mai ɗura kanta ƙotarta a shafe take haɗuwa da gangar jikin bindiga, noti guda ke riƙe da ita daga baya. Saboda haka ana iya cusa siririn sofane na roba a mahaɗar, kamar yadda manomi ke yi wa fartanyar da ta yi sako-sako, sai dai shi wannan sofanen gefensa guda ya fi kauri, kuma ɗan bambancin da ido da kyar yake gani a mahaɗa yakan zama milimita da dama a ƙarshen ƙota. A tsarin Benelli sofanen na ɗauke da haruffa masu nuna sunkuyawa daga milimita 50 zuwa 65, da alamar DX ta mai harbi da dama da SX ta bahago, kuma dole a haɗa shi da farantin ƙarfe mai alama iri ɗaya a bayan ƙota, in ba haka ba noti ya zauna a karkace.

Babu shakka wannan ci gaba ne na gaske, musamman ga bahagwai da aka daɗe ana mantawa da su. Amma matakin sofane milimita 5 ne, alhali gwanin Landan da kimanin milimita ɗaya da rabi yake aiki, kuma sofanen mahaɗa ba ya taɓa tsawon ƙota. Shi ya sa makarantun harbi irin ta Yammacin Landan, wadda aka kafa a 1901, har yau suke ajiye da bindigar gwaji da faifan ƙarfe.