Da A Ce Faransa Ce Ta Ci Kano

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma na kishiya ko uwar miji ba, don haka wadda ta ɗauko littafin nan don ta sha kuka sai ta yi haƙuri. Wata tambaya ce ta tsaya min a rai tun bikin ƙanwata da aka yi a ƙauyenmu, can arewa da Dambatta, bayan an gama yankan gero.

Cikin 'yan biki har da 'yar goggona da ke aure a Magarya, cikin Nijar. Kakarmu ɗaya da ita, kama kuwa har ta ɓaci. Amma da ta buɗe baki sai yaran gida suka kama dariya, wai ɗanta ya shiga lakwal, mushensu ya ce yana da ƙoƙari, ƙaramar kuma an kai ta wajen lokotoro. Da aka zo gudummawa ta kwance bakin zani ta fito da sefa, aka yi cirko-cirko ana lissafin nawa ke nan a naira. Da dare muna kwance a ɗakin Inna na ce mata, "Ke dai Yaya, Faransa ta ɓata miki baki." Ta ce, "To ke da kike cewa ticha da fensir da asibiti, wa ya ɓata naki?" Wallahi na rasa ta cewa. Na kwana ina juyi, ina tunanin da a ce Faransa ce ta ci Kano, ni wace ce yau?

Da na shiga neman amsa, sai abin ya ja ni baya har zamanin wani sarkin Faransa da ake kira Napoliyon. Ashe tsaran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne a zamani. A 1804, shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu aka kuma yi yaƙin Tafkin Kwatto, a shekarar ce Napoliyon ya ɗora wa kansa hular sarauta a Faris. Kafin nan, a 1798, ya kwaso runduna ya ci Masar ya zauna a Alƙahira. Daga can ne a 1799 ya aika wa Sarkin Darfur Abdurrahman takarda yana neman a aiko masa da bayi 2,000 majiya ƙarfi. Darfur kuwa kin san tana kan hanyar da kakanninmu suke bi da ƙafa zuwa aikin hajji, ta Borno da Wadai. Kin ga ke nan hannunsa ya taɓa bakin hanyar gidanmu.

To ki ɗauka Ingilishi ba su ƙone masa jiragen ruwa a gaɓar Masar ba, bai gudu gida a 1799 ba, sojojinsa ba su fita a 1801 ba. Ki ɗauka ya kafa ƙasa mai magana da Faransanci a can, ta riƙa miƙo ƙafa tana bin sawun alhazai har ta iso Kano a daidai lokacin da gari ya rikice, mutanen jihadi suna fafatawa da Sarki Alwali, wanda mulkinsa ya faɗi a 1807. Ni dai a ganina da ƙyar ne ya kai labari. Ƙishirwa da zazzaɓi kaɗai sun ishe shi, balle ya tarar da mutanen da suka riga suka yi mubaya'a ba sa tsoron mutuwa. Ya faɗi a 1815, Shehu ya rasu a 1817, ba wanda ya taka ƙasar wani. Wannan mafarkin na ajiye shi.

Wanda ya tayar min da tsigar jiki shi ne na jikokinsa, don su kam saura ƙiris. A ƙarshen 1891 wani hafsan Faransa mai suna Montel ya shigo Kano ya yi watanni yana kallon kasuwa da ganuwa. A 1899 rundunar Vule da Shanuwan ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarnar da har yau ba a manta ba a Birnin Ƙonni, ta yi karo da Sarauniya a Lugu. A shekarar nan dai Faransawa suka ci Damagaram, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, wanda ba da jimawa ba ya kawo wa Sarkin Kano Alu yaƙi har aka gwabza a Tattarawa, nan bayan gidanmu. Ingilishi kuwa ba su shiga Kano ba sai 3 ga Fabrairu 1903. Ki lissafa da kanki, shekara uku da rabi Bafaranshe yana zaune a Zinder da bindigoginsa, Kano tana nan babu Bature ko ɗaya a kanta, ga hanya ta Dambatta a buɗe.

Me ya hana shi? Takarda ce kawai. Tun 1890 manyan Landan da na Faris suka zauna suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi, suka ce arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Suka gyara shi a 1898, suka sake matso da shi kudu a 1904 da 1906 saboda Faransawa sun yi kukan ba su da hanya mai rijiyoyi zuwa Zinder. Wato layin ma tafiya yake yi kamar iyakar gonar marayu. Da an ƙara masa taku kaɗan, da ni ce nake cewa lakwal.

Da hakan ta faru, kumandan ne zai zauna a Dambatta a maimakon Di'o, kuma kakata ta ba mu labarin kumandan. Mahaifinta daga ƙasar Damagaram ya tsallako da dare, da jaki ɗaya da matarsa da goyo, saboda aikin dole da kamun soja. Ta ce a can in an zo gari sai a ƙirga maza a kora su aikin hanya ko ɗaukar kaya, ko da gero ya isa noman farko, matan gida su rage da fartanya. Faransa ba ta soke wannan aikin dole ba sai 1946. Ki duba ƙasarmu yadda gona take manne da gona, ba saura ba daji, kowace shekara sai an kai taki da mangala kafin a ci tuwo. A ɗebe maza wata biyu a damina a irin wannan ƙasa, ai an gama da gida. Kada ki ce ina yabon Ingilishi, su ma sun karɓi haraji da jangali ba tausayi, sun kuma shafe Satiru a 1906. Amma jirgin ƙasan da suka kawo Kano a 1911 shi ya sa gyaɗar kakanninmu ta zama kuɗi, har gyaɗar Nijar ma ta nan take bi zuwa Ikko.

Akwai kuma wata doka da Napoliyon ya kafa a 1804, wadda da na karanta sai da na riƙe baki. A cikinta matar aure ba ta da ikon sayar da kayanta, ko ta bayar kyauta, ko ta kai ƙara kotu, sai da izinin miji. Matar Bafaranshe ba ta sami damar buɗe asusun banki ko kama aiki ba tare da yardar mijinta ba sai 1965. Inna kuwa da ba ta taɓa shiga aji ba, akuyoyinta nata ne, kuɗin ƙuli-ƙulinta da adashinta Baba bai isa ya taɓa ba sai dai ya ranta, sadakinta da gadonta shari'a ta ba ta. Gaskiya dai ko a Nijar Faransawa sun bar yawancin maganar aure da gado a hannun alƙalai da al'ada, don haka ba zan ce da sun ƙwace wa Inna akuya ba. Amma su ne fa masu cewa sun zo su waye mana kai.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan da ke hannunki. A makarantar Faransa ba a koyar da yaro da harshen uwarsa, Faransanci ne tun ranar farko. A nan kuwa Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nassarawa a 1909 ana koyar da Hausar boko. A 1933 aka yi gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, a 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ba don Allah suka yi ba, malaman haraji da akawuna suke nema masu araha, kuma 'ya'ya mata sai 1930 aka fara tunawa da su a Kano da Katsina. Duk da haka a kan wannan turbar ce iyayenmu mata marubuta irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Hajiya Bilkisu Funtuwa suka taso, har 'yar ƙauye irina da ta tsaya a sakandare ta rubuta littafi ta buga da kuɗin adashinta. Da Faransa ce, ajami dai yana nan ba mai kashe shi, amma littafin da za a rubuta da boko da Faransanci zai fito, ni ban iya rubuta shi ba, ke ma ba ki iya karanta shi a bakin murhu ba. Nijar sai a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki, shekara 65 bayan samun mulkin kai.

Ranar da Yaya za ta koma, bayan an kai amarya, na ga tana cusa littattafaina uku cikin ƙullin kayanta, ƙarƙashin daddawa da kuka. Na ce, "Au, kina iya karantawa?" Ta ce da farko da ƙyar, don a lakwal ba a nuna musu ƙa da ɗa da ɓa ba, sai da ta riƙa faɗa a fili tana jin kalmar a kunnenta sannan ta gane. Yanzu matan gidansu huɗu ita take karanta musu bayan sallar isha'i. Ta ce sun tsaya a inda aka ɗaura wa yarinyar nan aure da tsoho, uwargidan gidansu har ta yi fushi ta ƙi cin tuwo, don haka in na biyun ya fito kada in jira wani biki, in ba direban Babura ya miƙa mata ta Babban Mutum.