Daga Maputo Zuwa Yukren: Yadda Asusun Tsaron da Aka Kafa Don Afirka Ya Koma Gida

Ranar 28 ga Fabrairun 2022, kwana huɗu da kutsawar sojojin Rasha cikin Yukren, ƙasashe 27 na Tarayyar Turai suka amince da abin da ƙungiyar tasu ba ta taɓa yi ba: su yi karo-karo su biya kuɗin makamai ga ƙasar da ke tsakiyar yaƙi. Yuro miliyan 500 suka ware, miliyan 450 na makamai, ragowar 50 na man fetur da sulke da kayan jinya. Kuɗin ya fito ne daga Asusun Zaman Lafiya na Turai, wanda ake taƙaita sunansa da EPF, asusun da a lokacin bai ko cika shekara guda ba. A ranar ce jama'a da dama suka fara jin sunansa. Sai dai wanda ya bi salsalarsa zai iske cewa a Afirka aka yanke masa cibi, kuma sojojin Najeriya da na Nijar suna cikin waɗanda suka ci abinci daga tukunyar magabacinsa.

Roƙon Maputo

A shekarar 2002 aka ƙaddamar da Tarayyar Afirka a birnin Durban, a kan alkawarin cewa ba za a sake naɗe hannu ana kallon kisan kiyashi irin na Ruwanda a 1994 ba. Alkawari kuwa sai da aljihu. Rundunar farko da sabuwar ƙungiyar ta tura, wadda ta je Burundi a 2003 da sojojin Afirka ta Kudu da Habasha da Mozambik, ta sha fama da rashin kuɗi. Don haka a taron ƙoli na Maputo, cikin Yulin 2003, shugabannin Afirka suka nemi Turai ta keɓe wani kaso daga kuɗin raya ƙasa da take ba su a ƙarƙashin yarjejeniyar Kwatano ta 2000, a riƙa biyan ayyukan wanzar da zaman lafiya da shi. A 2004 Asusun Zaman Lafiya na Afirka, wato APF, ya fara aiki da Yuro miliyan 250.

Sharuɗɗa biyu aka gindaya masa. Na farko, ba a ba ƙasa guda kuɗi kai tsaye. Sai buƙata ta biyo ta hedikwatar Tarayyar Afirka da ke Addis Ababa, ko ta ƙungiyar yanki irin ECOWAS da amincewar Tarayyar Afirka. Na biyu, ba a sayen bindiga ko harsashi da kuɗinsa. Alawus ɗin soja, abinci, man fetur, magani, sufuri da na'urorin sadarwa, duk sun halatta. Makami ya haramta. Dalilin bai wuce cewa kuɗin raya ƙasa ne ba, kuma sashe na 41 na yarjejeniyar Tarayyar Turai ya hana a taɓa kasafin ƙungiyar don ayyukan soja. A wannan shekara ta 2004 ne kuma Turawa suka kafa wata 'yar lalita ta daban mai suna Athena, don kuɗin rundunoninsu na kansu da suke turawa waje.

Darfur, Mogadishu, Tafkin Chadi

Gwajin farko ya zo a Darfur. Najeriya da Ruwanda ne suka fara tura sojoji a 2004, kuma kaso mai tsoka na kuɗin rundunar daga wannan asusu ya fito. Nan aka fara ganin aibin tsarin. Sojoji kan yi watanni ba su ga alawus ba, saboda takardu na kai-komo tsakanin hedikwatar Tarayyar Turai da ke Brussels da Addis Ababa, ga ƙarancin kayan yaƙi. A Satumbar 2007 'yan tawaye suka afka wa sansanin Haskanita, suka kashe sojojin Afirka, mafi yawansu 'yan Najeriya.

Somaliya ce ta fi lashe kuɗin. Daga 2007, lokacin da sojojin Yuganda suka sauka Mogadishu, daga baya na Burundi da Jibuti da Kenya da Habasha suka biyo, Turai ce ke biyan alawus ɗin rundunar AMISOM, har abin da ta kashe a can ya haura Yuro biliyan 2. A 2016 ta zabtare kashi 20 cikin ɗari, abin da ake ba kowane soja a wata ya sauko daga dala 1,028 zuwa 822. Ƙasashen da suka ba da 'ya'yansu sun yi ƙorafi har sun gaji. Mai lalita ya riga ya yanke hukunci.

A namu yankin, rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi ce ta amfana. An sake mata fasali a 2015 bayan Boko Haram ta mamaye Baga, aka mayar da hedikwatarta Njamena, da sojojin Najeriya, Nijar, Chadi, Kamaru da Benin. A 2016 Turai ta sa hannu kan Yuro miliyan 50 dominta, amma motoci da na'urorin da za a saya suka daɗe ba su iso ba. Rundunar ƙasashe biyar na Sahel ita ma ta samu miliyan 50 a 2017, aka ninka mata a farkon 2018.

Dajin da ba ya cikin lissafi

Ranar 5 ga Mayun 2018 'yan bindiga suka shiga Gwaska a ƙasar Birnin Gwari da rana tsaka, suka kashe aƙalla mutum 45, har da mata da yara, suka cinna wa gidaje wuta. Bayan nan ne Shugaba Buhari ya amince a girke bataliyar soja ta dindindin a yankin. Dajin Kamuku da na Kuyambana sun haɗe Kaduna da Zamfara da jihar Neja. Makaman da suka watsu bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 sun ratso Sahara sun iso. 'Yan Ansaru masu alaƙa da Alƙa'ida sun yi zaman dirshan a gabashin masarautar, wajajen Damari. Duk da haka, a ma'aunin wancan asusu, wannan rikicin cikin gida ne na Najeriya. Babu rundunar Tarayyar Afirka a Birnin Gwari, saboda haka babu ƙofar da kuɗin zai bi. Manomin Gwaska ya dogara ne da 'yan sa-kai, da sojan Najeriya idan ya iso kan lokaci, daga baya kuma da sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a ƙarshen 2024, wanda ya sa aka sake buɗe karar shanun Birnin Gwari.

Wata guda bayan harin Gwaska, a Yunin 2018, babbar jami'ar harkokin wajen Tarayyar Turai, Federica Mogherini, ta gabatar da shawarar a rushe tsohon tsari a gina sabo. Ba Gwaska ce a ranta ba. Abin da ya dami Turawa shi ne sun yi shekaru suna horar da sojoji a Mali da Somaliya da Afirka ta Tsakiya, amma doka ta hana su miƙa wa ɗalibansu bindiga. A Bangui, babban birnin Afirka ta Tsakiya, Rasha ta shigo a 2018 da makamai da masu horarwa, ta karɓe sojojin da Turai ta koyar. Mogherini ta nemi Yuro biliyan 10.5. Bayan shekara kusan uku ana ja-in-ja, ranar 22 ga Maris 2021 aka kafa EPF da kimanin biliyan 5.7, na shekarun 2021 zuwa 2027.

Sabon asusun ya haɗiye APF da Athena, ya kuma soke sharuɗɗan nan biyu. Yanzu ana iya sayen makami. Ana kuma iya ba kowace ƙasa a duniya kai tsaye, ba sai an bi ta Addis Ababa ba. An ajiye shi a wajen kasafin Tarayyar, kowace ƙasa na zuba gwargwadon ƙarfin tattalin arzikinta, shi ya sa Jamus ta fi kowa biya. Ba a fitar da ko kwabo sai dukkan ƙasashe sun yarda. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi gargaɗin cewa makamin da aka ba gwamnati yau yana iya juyawa kan talakawanta gobe. A Addis Ababa kuwa fargabar ta daban ce: kujerar da Tarayyar Afirka ke zama a kanta wajen rabon kuɗin ta tafi, kuma babu wani kaso da aka rubuta cewa na Afirka ne.

Wuta a gemun maƙwabci

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Folan da ƙasashen Baltik, waɗanda suka ɗanɗana mulkin Mosko, ba su jira an tuna musu ba. Suka buɗe rumbunan makamansu suka tura Yukren, asusun kuma ya zama mai mayar musu da wani kaso na kuɗin abin da suka bayar. Zuwa Fabrairun 2023 an yi irin wannan rabo sau bakwai, jimilla Yuro biliyan 3.6. Ƙasashen da ba sa shiga ƙawancen soja, wato Ostiriya da Ayalan da Malta, aka sama musu mafita: ba za su hana ba, amma nasu kason ya tafi ga kayan da ba na kisa ba.

A Nuwamban 2022 aka fara horar da sojojin Yukren a Folan da Jamus da kuɗin asusun. Waɗanda suka bi ta wannan shiri sun haura 70,000. A Maris 2023 aka yi alkawarin harsasan manyan bindigogi miliyan guda cikin shekara ɗaya, aka ware biliyan 2. Wa'adi ya cika an kai kusan rabi kawai, domin masana'antun Turai sun daɗe da rage ƙera irin wannan kaya. Sai a ƙarshen 2024 aka cika adadin. Sau uku ana ɗaga rufin asusun, har ya wuce Yuro biliyan 17 a Maris 2024, kuma kimanin biliyan 11 daga ciki na Yukren ne. A tsakiyar 2024 aka fara zuba masa ribar kadarorin Babban Bankin Rasha da aka daskarar, waɗanda suka kai kusan biliyan 200, akasarinsu a Beljiyam.

Ƙa'idar sai kowa ya yarda ita ce ta zame masa tarnaƙi. Daga Mayun 2023 gwamnatin Viktor Orban ta Hangari ta hau kujerar naƙi, ta tare fitar kuɗin da suka taru har suka haura biliyan 6. Wannan na cikin abin da ya sa Turawa suka nemi wasu hanyoyi, har suka kafa shirin rancen sayen makamai na Yuro biliyan 150 a 2025.

Rabon Afirka

Ba a yi watsi da Afirka ɗungurungum ba. An ware wa Tarayyar Afirka miliyan 600 na 2022 zuwa 2024. Mozambik ta samu miliyan 89, sojojin Ruwanda da ke yankinta na Cabo Delgado suka samu miliyan 20 har sau biyu. A 2023 aka miƙa wa Gana motocin sulke 105 da aka kama a jirgin ruwa kan hanyar Libiya. Nijar ta Mohamed Bazoum ita ce 'yar gaban goshi, musamman bayan sojojin Faransa sun fice daga Mali a Agustan 2022. An amince mata da miliyan 25 a Yulin 2022, miliyan 40 a Maris 2023, sannan a watan Yuni miliyan 4.7 na harsasan jirage masu saukar ungulu, karon farko da asusun ya yarda ya sayi makami don wata ƙasar Afirka. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Bazoum, aka dakatar da komai. A Disamba mahukuntan Yamai suka soke yarjejeniyar tsaro da Turai, a Maris 2025 kuma suka janye daga rundunar Tafkin Chadi.

In aka ɗora alƙaluman a sikeli, abin da Yukren ta samu cikin shekara biyu ya ninka abin da tsohon asusun ya kashe a Afirka baki ɗaya cikin shekara 17. Mai neman abin zargi ba zai rasa ba. Amma gaskiyar magana, Turai ta yi abin da kowane mai gida zai yi ne: yaƙi ya zo bakin ƙofarta, ta mayar da kuɗinta inda ranta yake. Haramcin da aka yi shekaru ana ce wa sojan Afirka ba ya taɓuwa, an ɗage shi a takarda a 2021, aka aiwatar cikin kwana huɗu da buƙatar ta zama tasu.

Abin tambaya yana wajenmu. Afirka tana da nata Asusun Zaman Lafiya tun 1993, wanda ya yi shekaru a bushe. A taron Kigali na 2016 aka amince kowace ƙasa ta ɗora harajin kashi 0.2 cikin ɗari kan wasu kayan da ake shigowa da su, da burin tara dala miliyan 400, adadin da bai kai abin da Turai ta ware wa Yukren a ranar farko ba. A Disambar 2023 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2719, wanda ya ba da damar Majalisar ta ɗauki har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin rundunonin Tarayyar Afirka, amma kowane aiki sai an koma New York an nemi izini. Wa'adin EPF na yanzu zai ƙare a 2027, kuma waɗanda za su zauna su tsara na gaba hankalinsu na kan iyakarsu ta gabas. Najeriya da maƙwabtanta suna da dama daga yanzu zuwa lokacin su yanke shawarar wanda zai biya alawus ɗin sojan da ke Monguno da Diffa, da man motar da ke sintiri a hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, daga kuɗin da babu wanda zai iya janyewa ranar da tasa wutar ta tashi.