Masu Bishara a Gaban Malaman Lugga: Tarihin Wata Al'ada a Meziko

Duk wanda ya bar ƙasar haihuwarsa da niyyar kiran wata al'umma zuwa ga addini, ko da ya ƙoshi da ilmi ya haddace littattafai, ranar da ya sauka cikin mutanen da ba ya jin maganarsu ilmin nan ba zai amfane shi da komai ba, sai ya durƙusa ya zama almajirin waɗanda ya zo karantarwa. Ba na jin akwai ƙasar da wannan al'amari ya daɗe yana maimaituwa a cikinta kamar Meziko, inda yau shekara ɗari biyar ke nan 'yan mishan suna sauka, ƙarni bayan ƙarni, suna fama da harshe kafin su sami bakin wa'azi.

Bayan da Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya ci birnin Tenochtitlan da yaƙi a 1521, sai ga limamai goma sha biyu na ɗarikar Faransis sun iso a 1524, suka tako da ƙafa, ba ko takalmi, tun daga gaɓar teku har babban birni. Harshen da ke da rinjaye a ƙasar shi ne Nahuatl, luggar Aztek, wadda ba ta da nasaba da Latin balle Sifaniyanci; saboda haka da fari wa'azinsu bai wuce ishara da hannu ba, sai kuma addu'o'in Latin da suke biya wa yara, yaran suna amsawa ba tare da fahimtar ko kalma guda ba. Mendieta, wanda ya rubuta tarihin ɗarikar tasu, ya ba da labarin dabarar da suka yi a ƙarshe, kuma a ganina ita ce mafi daraja cikin abin da aka ruwaito daga gare su: dattawan nan suka ajiye girma, suka zauna a ƙasa suna wasan tsakuwa da tsinke tare da yara, kowa da takarda da tawada a gefe, da zarar yaro ya furta kalma sai a rubuta ta tare da halin da aka faɗe ta, in magariba ta yi su taru su gwama abin da suka tsinta, su ba kowace kalma ma'anar da suka zata, alhali sau da yawa abin da suka tabbatar da dare gari na wayewa sai su tarar ba haka yake ba.

Sauƙi ya zo musu ta hannun wani yaro, Alonso de Molina, ɗan wata Basifaniya da mijinta ya rasu, wanda ya tsotsi Nahuatl a wurin wasa da tsaransa. Suka roƙi uwarsa ta ba su shi, ya zama tafintansu kuma malaminsu, ya girma ya shiga ɗarikar, har a 1555 ya wallafa ƙamus na farko da aka taɓa bugawa a nahiyar Amurka, ya kuma faɗaɗa shi a 1571. Mu ma wannan ba baƙon labari ba ne gare mu, domin Schön, Bajamushen da ya fitar da nahawun Hausa a 1862, daga bakin yaro Dorugu ya kwashi abu mai yawa na Hausarsa. Sai dai a Meziko himmar koyon harsunan ƙasa ba ta ɗore ba: a 1577 Sarki Filibus na Biyu na Sifaniya ya ba da umarnin a karɓe talifin Sahagún, wani limamin ɗarikar, kan al'adun Aztek, kuma a 1770 Sarki Carlos na Uku ya zartar da doka cewa a kawar da harsunan ƙasa, Sifaniyanci kaɗai ya wanzu.

Da zamani ya juya, harshen da ya shigo tare da takobi, wato Sifaniyanci, shi ya zama harshen talaka, shi ne kuma baƙo ya wajaba ya koya. A 1961 fadar Fafaroma ta nemi ɗarikun Katolika na Amurka su aika da kashi goma cikin ɗari na mutanensu zuwa Latin Amurka a cikin shekara goma, saboda ƙarancin limamai da kuma fargabar juyin juya halin da ya auku a Kuba. A wannan shekarar ce Ivan Illich, wani fada haifaffen Vienna wanda ya yi aiki cikin mutanen Puerto Rico a New York, ya buɗe makarantarsa a wani tsohon otal a Cuernavaca, kudu da birnin Meziko. Tsarin karatun mai tsanani ne: kimanin wata huɗu, ɗalibai uku ko huɗu a gaban malami guda, sa'o'i masu yawa kowace rana ana tisa jimla ana jujjuya ta har harshe ya saba. Malaman kuwa galibinsu samari ne da 'yan matan gari, ba masu manyan shahadodi ba.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi halin saurayin da ya iso daga Chicago ko Boston, an naɗa shi fada jiya-jiya, ya saba in ya hau mumbari jama'a su yi tsit. Yau ga shi zaune gaban yarinyar da ba ta kai shi shekaru ba, tana mayar da shi baya sau ba adadi saboda harshensa ya ƙi kaɗawa wajen fitar da harafin ra daga mahrajinsa, sarfun fi'ili ya dagule masa, ciki ya ƙi karɓar barkono da wake, kai yana sarawa tun kafin azahar, in ya fita kasuwa kuma 'yan yara su gyara masa magana. Illich da gangan ya ƙi sassauta wannan wahala. Ra'ayinsa shi ne koyon shirun mutane ya fi koyon kalmominsu wuya, kuma wanda bai iya sauraro ba, komai fasaharsa, al'adun ƙasarsu zai shigo da su yana zaton addini ne. Daga baya bai ɓoye ba cewa yana cikin manufarsa da yawansu su koma gida. Ina ganin ya yi gaskiya game da tawali'u, amma ya tsananta wa matasan da suka zo da zuciya ɗaya. Wata maƙala da ya wallafa a 1967 ta fusata shugabannin coci, a 1969 Roma ta hana limamai halartar cibiyar, a 1976 aka rufe ta. Amma waɗanda suka karantar a cikinta suka buɗe makarantunsu, har Cuernavaca ta shahara da sana'ar koyar da baƙi Sifaniyanci.

A yau cikin matasan da ake horarwa irin wannan a ƙasar akwai 'yan cocin Mormon. A 2013 cocin ya mayar da babbar makarantarsa ta kwana, Benemérito de las Américas, da ke arewacin birnin Meziko, ta zama cibiyar horar da masu bishara, bayan da aka rage shekarun fita aiki zuwa 18 ga maza da 19 ga mata a 2012. A lokacin, mako shida kacal ake ba wanda bai iya harshen ba, yana tare da abokin tafiya dare da rana, kuma tun kwanakin farko ake sa shi ya yi addu'a ya gwada karantarwa da Sifaniyanci, ko da yana in'ina. Mako shida ba ya ba mutum lugga, masu cibiyar ma sun san haka. Shi ya sa in ya fito sukan haɗa shi da wanda ya riga shi daɗewa a fage, ragowar karatun kuma ya ƙarasa shi a ƙofofin gidaje da cikin motocin haya, har wa'adin shekara biyu ko wata goma sha takwas ya cika.