Tsaka-tsakin Amurka da Lissafin Jamus, 1914–1917

An saba jingina shigar Amurka Yaƙin Duniya na Ɗaya ga nutsar da jirgin Lusitania, sai dai kwanakin tarihi ba su goyi bayan haka ba. Jamusawa sun nutsar da jirgin ranar 7 ga Mayu 1915, mutum 1,198 suka halaka, 128 daga ciki Amurkawa, amma ba a ayyana yaƙi ba sai 6 ga Afrilu 1917. A tsakani ma Shugaba Woodrow Wilson ya sake cin zaɓe a 1916, magoya bayansa na tinƙaho da cewa ya hana ƙasar faɗawa yaƙi.

A ganina, tsaka-tsakin ya fara rubewa ne tun daga kasuwa. Rundunar ruwan Birtaniya ta toshe hanyoyin tekun Jamus, don haka alkama da auduga da harsasan Amurka gefe guda kawai suke iya zuwa. A 1915 bankin J.P. Morgan ya jagoranci rancen dala miliyan 500 ga Birtaniya da Faransa. Wanda ya ba ɗan kokawa bashi ba ya cikin 'yan kallo, ko da ya zauna a cikinsu. William Jennings Bryan, sakataren harkokin waje, ya hango inda aka dosa, ya ajiye aiki a Yuni 1915.

Duk da haka, kuskure ne a ce bankuna suka ja ƙasar, zargin da kwamitin Sanata Gerald Nye ya bi diddiginsa a shekarun 1930. Bashin ya fi tasiri a kan tunanin Jamus. Hafsoshinta sun ga cewa Amurka ta riga ta zama rumbun abokan gaba, kuma sun ƙiyasta cewa jiragen ƙarƙashin teku za su durƙusar da Birtaniya cikin wata biyar, kafin sojan Amurka ya ƙetaro. Shi ya sa daga 1 ga Fabrairu 1917 suka koma harbin kowane jirgi. Wayar sakataren harkokin wajen Jamus Zimmermann, wadda ta yi wa Meziko tayin Texas da Arizona da New Mexico in ta haɗa kai da Jamus a kan Amurka, ta fito a jaridu ranar 1 ga Maris, Zimmermann da kansa kuma ya amsa cewa tasa ce.

Faɗuwar Sarkin Rasha, ƙawar Birtaniya da Faransa, a watan Maris ta sauƙaƙa wa Wilson kiran yaƙin na dimokuraɗiyya. Majalisar Dattawa ta amince da ayyana yaƙin da ƙuri'a 82 da 6, ta Wakilai da 373 da 50.