Lambun da Ba Mu Shiga Ba

Da jigo mahaifina ya ciyar da mu, da jigo ya aurar da yayyena mata biyu. Yaran yanzu ba su san shi ba. Ginshiƙai ne biyu a bakin rijiya ko gaɓar rafi, an gitta musu itace, an ɗaura doguwar sanda a kai, gindinta da curin laka, bakinta da igiya da guga. Ka danna guga cikin ruwa, nauyin lakar ya ɗago maka shi cike, ka juye a magudana. Aikina ni, ina ɗan shekara takwas, shi ne tsayawa da 'yar fartanya a bakin komi. In buɗe wa ruwa hanya, komi ya ƙoshi, in toshe da laka in buɗe na gaba. Da asubar hunturu ake wannan aiki, ƙafa ba takalmi, faso kuwa sai wanda ya gani.

Albasa ce uwar lambun wancan lokaci, sai barkono, gauta, yalo, 'yar alkama da taba, da wani tumatir mai tsami, mai yawan ruwa, wanda ba ya kwana biyu a kwando. Latas da karas da kabeji sai masu lambun gefen birni, irin na kwarin Jakara, su ne ke yi wa Nasarawa da Sabon Gari. Mu a ƙauye dariya muke yi, wai mutum da hankalinsa ya zauna yana cin ɗanyen ganye kamar akuya.

Akwai kuma lambu na biyu a gidanmu, wanda ba mai kiran sa lambu. Na mahaifiyata ne, a bayan ɗaki, daidai inda ruwan wanke-wanke ke kwarara. Zogale a jikin danga, kuɓewa da yakuwa da rama da lalo a ƙasa, kabewa ta haye rufi, ɗoɗɗoya a bakin ƙofa wai don sauro. Irinta tana adana shi a 'yar buta, gauraye da toka, rataye a madafa inda hayaƙi ke bugun sa. Ba a taɓa auna wurin ba, ba a taɓa sayar da abin da ya fito ciki da kwando ba, amma rabin miyar gidan daga nan take fitowa. Shekara talatin da wani abu na yi ina aikin malamin gona, kuma sai da na kusa ajiye aiki na yarda cewa wannan lambun ne muka fi zalunta.

Farin farkon shekarun 1970 ne ya juya komai. Bayan abin da aka gani a 1973, ba sai an yi wa kowa wa'azin noman rani ba. Gwamna Audu Bako ya riga ya sa madatsun ruwa a gaba, aka gama ta Tiga a 1974, ruwa ya bi hanyoyin siminti ya sauka Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. Ƙasar da a da ake bar wa shanu da rani ta koma shar a watan Janairu. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta fito da shirinta na ciyar da ƙasa, ana ta kira a rediyo kowa ya shuka wani abu ko a bayan gida ne, makarantu suka yi lambuna, takin zamani ya zo da araha har wasu dattawa na ƙin karɓa, suna cewa yana kashe ƙasa. Mun yi musu dariya a lokacin. Yau dariyar tawa ta ragu.

Na shiga aiki a farkon shekarun 1980, lokacin da Bankin Duniya ke tallafa wa hukumomin raya noma na jihohi. Aka ba mu babur da littafi. Duk mako biyu mu taru a koya mana darasi ɗaya, mu watsu ƙauyuka mu maimaita shi ga manoman da aka zaɓa. Abin da ya binne jigo kuwa ɗan injin ban ruwa ne mai shan fetur, da 'yar rijiyar bututu da ake nutsawa a fadama cikin wuni guda. Shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya baza su ko'ina. Abin da mahaifina ke shayarwa daga asuba zuwa la'asar, inji ya gama shi kafin hantsi. Ban yi kewar jigo ba, kuma duk wanda ya ce yana kewarsa bai taɓa jan sa ba.

Tare da inji aka samu sabon irin tumatir a gwangwani, Roma VF da UC82B. Fatarsu da kauri, suna jure kwana biyu a bayan mota har kasuwar Mile 12 a Legas. Daga nan kayan gwari suka zama babbar sana'a. Wanda ya ga Kwanar Gafan a tsakiyar kakar tumatir ya san abin da nake nufi: kwanduna iya ganinka, dillalai na ihu, manyan motoci sun yi layi. Ya kuma san ɗaya fuskar, ranar da kaya suka yi yawa har kuɗin kwando ya fi na abin da ke cikinsa, manomi ya yayyanka ya shanya a gefen titi ya koma kauɗa. Wata huɗu bayan nan, damina ta sauka, matar gida na sayen ƙwaya uku da kuɗin da a da zai cika mata roba.

Laifinmu mu malaman gona biyu ne, kuma ba na ɗora wa kowa. Na farko, amsarmu ɗaya ce ga kowace tambaya: feshi. Manomi ya zo da ganye a hannu, tun kafin ya gama bayani mun rubuta masa sunan magani. Na ga mutane na dama Gamalin a bokiti suna yayyafawa da tsintsiya, ba safar hannu ba takunkumi, washegari a tsinke a kai kasuwa. Na biyu kuwa rubuce yake a ƙofar zaure: ba shiga. Mu maza ne, lambun mata na cikin gida, sai muka ɗauka abin da ba mu gani ba babu shi. A ƙarshen shekarun 1980 an buɗe sashen mata a aikin, aka ɗauki malaman gona mata, amma 'yan ƙalilan ne, kuma yawancin ƙarfinsu ya tafi kan sarrafa waken suya da matsar mai.

Wadda ta fara kunyata ni gwaggona ce. Na je gaishe ta, ta ce tumatirinta na bayan ɗaki yana yaushi da rana ko da ta ba shi ruwa. Na duƙa ina juya ganye, ina neman ƙwaro, na ce zan aiko mata da magani.

Ta ce, "Ɗan nan, kai da aka ce ka yi karatun abin?"

Ta kama guda ta tuge. Saiwar duk ta yi ƙullutu, jere kamar carbi.

"Ciwon a ƙasa yake, kana ta duban sama. Wurin ne ya gaji da tumatir. Bana albasa zan sa masa, shi kuma ya koma can gindin danga."

Na ce, "Haka ne, Gwaggo," don ba ni da ta cewa. Na san sunan abin a littafi, tsutsa ce ƙarama da ido ba ya gani, mai shiga saiwa, har na ci jarrabawa a kanta. Maganin da littafin ya bayar shi ne wanda ta faɗa, canjin shuka, sai ƙara taki mai ruɓa, da ƙone tushen da ya kamu. Ban taɓa tuge shuka a gaban manomi ba sai bayan wannan rana.

Daga nan na fara lura cewa yawancin kukan masu ɗan lambu ba na ƙwari ba ne. Tumatir ya yi baƙin gindi, a ce cuta ce, alhali ban ruwa ne ba tsari, yau a cika gobe a manta, sai ɗan itacen ya kasa jan sinadarin da ke gina fatarsa. Fure na zuba a watan Afrilu, a ce sammu ne ko baki, alhali zafin bazara ne, kuma inuwar zana da rufe ƙasa da ciyawa sun fi kowace kwalba. Reno ya kwanta ya ruɓe daga wuya, don an watsa iri ya yi cunkoso an kuma jiƙa shi dare da rana. Ganye ya nannaɗe ya yi ɗorawa, wannan kam cuta ce da ɗan farin ƙuda ke yaɗawa, kuma wanda ya kamu ba ya warkewa, sai a cire shi a ceci sauran. Ga ƙwarin da ke tsotsar ganye kuwa, 'ya'yan darbejiya da aka daka, aka jiƙa suka kwana, aka tace aka sa ɗan sabulu aka fesa da yamma, sun wadatar a ƙaramin wuri. Toka a kan kuɓewa da sassafe, raɓa na riƙe ta. Duk wannan mata sun san mafi yawansa ba tare da mu ba.

Sharon ce ta koya wa manyan manoma abin da gwaggona ta koya mini. Wata 'yar malam-buɗe-littafi ce mai girman ƙwayar shinkafa, asalinta Kudancin Amurka, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta tsallako Afirka, ta iso mu wajen 2015. Tsutsarta cikin naman ganye take shiga, inda feshi ba ya isa sosai, daga nan ta huda ɗan tumatir. A 2016 gonaki suka ƙone kamar an bi su da wuta, Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Ɗangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a shekarar, ta tsaya don ba abin niƙawa. Na ga manomin da ke feshi duk kwana biyu, yana haɗa magani uku a tanki ɗaya, tsutsar ko gezau. Abin da ya rage ɓarna a ƙarshe ba ya burge kowa: tattara karmamin gona a ƙone bayan girbi, hutar da wuri daga tumatir, kafa tarko, wasu har da fitila a kan faranti mai ruwa da dare.

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, mai inji na lissafin kowace lita, masu hali sun koma na hasken rana. Cefane ya yi tsadar da ta mayar da mutanen birni bayan ɗaki. Yanzu a buhun siminti ake yin lambu, ko tsohon bokiti, ko taya: ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen kashin awaki, a huda gindi don ruwa ya wuce. Ana koyar da shi a ɗakunan taro da sunan sabuwar dabara, har da takardar shaida.

Ni kuwa na ajiye aiki, amma waya ba ta bar ni ba. Matan unguwa da 'ya'yan 'yan'uwa na turo mini hotuna ta WhatsApp, ta haka na shiga gidajen da shekara talatin ban wuce zaurensu ba. Shekaranjiya jikar waccan gwaggo tawa ta turo hoton buhuna shida a jikin katanga, attarugu ya langaɓe, ta rubuta, "Baba, wane magani zan saya?" Na ce ta bari tukuna, ta tuge guda ɗaya, ta karkaɗe ƙasar, ta ɗauko mini hoton saiwar.