Kwana Goma Sha Ɗaya da Ingila Ta Tsallake

A unguwar Briqueterie ta Yawunde, maƙwabtanmu Musulmi sukan duba jinjirin wata kafin su yi Sallah. Wani lokaci sukan tambaye mu abin da ya sa Kirsimeti take tsaye a rana ɗaya, Ista kuwa tana yawo. Dalili shi ne Ubangiji Yesu ya mutu ya tashi a lokacin Idin Ƙetarewa, Yahudawa kuwa da wata suke lissafin idin nan.

A taron Nikiya na shekara ta 325, dattawan ikilisiya suka yarda dukan masu bi su yi Ista rana ɗaya. Ƙa'idar da ta kafu ita ce Lahadin da ta biyo cikar wata, daga 21 ga Maris. Amma kalandar Yuliyas Kaisar ta ɗara shekarar rana da wajen minti 11, wato kwana guda cikin kowace shekara 128. Da haka kuskure ya taru. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya gyara lissafin, aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15. Faransa ta karɓa a shekarar nan.

A Ingila, masanin taurari John Dee ya shaida wa Sarauniya Alisabatu cewa gyara ya wajaba, amma bishop-bishop suka ƙi, domin daga Roma ya fito. Masu buga almanak, wato ƙananan littattafan kwanakin wata da husufi da ranakun kasuwa, sai suka riƙa jera lissafi biyu a shafi ɗaya, na gida da na ƙetare, don kada fatake su ruɗe. Shekara 170 ana haka, sau da yawa Kiristan Landan yana cikin azumi alhali na Faris ya riga ya yi Ista. Sai a 1752 Ingila ta sauko, aka kwana 2 ga Satumba aka tashi 14.

Har yanzu ikilisiyoyin Masar da Habasha da Rasha suna lissafin Ista da tsohuwar hanya. A 2025, shekara 1700 bayan Nikiya, lissafin biyu ya haɗu ranar 20 ga Afrilu. 'Yan'uwa, mu kiyaye kada mu ƙi gaskiya saboda bakin da ta fito, kamar yadda bishop-bishop na Ingila suka yi.