Cittarmu a Tukunyar Sarkin Ingila

Wani abokina da ke aiki a Doha, yana zaune a unguwar Al Mirqab, ya aiko mini da tsokana. Ya ce Ingila ta riƙe Qatar daga 1916 zuwa 1971, amma a layin gidajen abincin unguwarsu girkin Labanawa da na Indiyawa da na Turkawa ake rububi, bai ga mai neman na Ingilishi ba. Wai in gaya masa tsakani da Allah, tunda ni nake zaune cikinsu: abincin nasu lami ne kamar yadda ake faɗa?

To, ɗakin cin abincin jami'a dai ba zai wanke su ba: dankali dafaffe, koren wake da aka tafasa har ya fita hayyacinsa, da nama da ko albasa bai gani ba. Amma ni ɗalibin tarihi ne, kuma takardu sun nuna wannan lamin baƙo ne a ƙasar.

Wajen shekarar 1390, masu dafa wa Sarki Richard na Biyu abinci suka rubuta littafin girki mai suna Forme of Cury, da girke-girke kusan 200. Mai karatu, da za a karanta wa inna jerin kayan ƙamshin da ke ciki, sai ta ɗauka yajin mai jego ake haɗawa: citta mai yatsu, kanumfari, kirfa, gyaɗar ƙamshi, masoron Indiya. Har da wani iri da suke kira "ƙwayar aljanna". Wannan ƙwayar ba komai ba ce illa citta mai 'ya'ya, wadda ke fitowa a kurmin Afirka ta Yamma. Ayarin raƙuma ke ƙetare Sahara da ita zuwa gaɓar Arewacin Afirka, 'yan kasuwar Italiya su saya su shigar da ita Turai, su laƙa mata sunan aljanna don ta yi tsada. Bayan da jiragen Fotugal suka iso ta teku a ƙarni na 15, gaɓar da ake kira Laberiya a yau da sunan wannan ƙwaya Turawa suka san ta. Masu sayar da yaji a Landan kuwa suna da ƙungiya tun 1180. Kamfanin East India ma, da aka kafa a 1600, neman kayan yaji ne ya fara fitar da shi.

Kada mu yi saurin dariya kuma. A lokacin da sarkin nan ke cin cittarmu, babu barkono ko ɗaya a Kano ko Katsina. Barkono da tattasai da attaruhu da tumatur duk daga nahiyar Amurka suka zo, bayan 1492. Miyar kakanninmu da daddawa da kimba da masoro da citta take tsayuwa.

Me ya faru da su ke nan? Abu na farko, girman kai. Da yaji ya yi arha har talaka na iya saye, sai masu hannu da shuni suka juya masa baya. Faransa ce ta ja gaba: littafin La Varenne na 1651 ya yaɗa salon rage kayan ƙamshin ƙetare, a koma ga man shanu da ganyen lambu, nama ya yi ɗanɗanon nama. Manyan Ingila suka bi sahu. Wannan salo yana da daɗi idan naman mai kyau ne kuma mai girkin ya iya. Idan babu ɗaya daga ciki, sai lami.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna. An killace gonakin da talakawa ke nomawa tare, masana'antu suka janye mutane zuwa su Manchesta da Lids. Ƙidayar 1851 ta nuna fiye da rabin mutanen Ingila a birane suke. Macen da ke tsaye gaban injin saƙa tun asuba har dare, a ɗaki ɗaya ba lambu ba murhun kirki, yaushe za ta koya wa 'yarta miya? Sai burodi da shayi mai sukari suka zama abincin ma'aikaci. Ku lura, wannan ɗin ne suka bar mana a teburin mai shayi. Duk lokacin da na tuna yaran gidanmu da suka tashi da indomi da dunƙulen magi, suna toshe hanci in an ɗauko daddawa, sai in ga kamar tarihin Manchesta nake karantawa.

Sai yaƙi ya zo ya ƙarasa. An fara rabon abinci da kati ranar 8 ga Janairun 1940, ba a daina ba sai 4 ga Yulin 1954, shekara tara bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙwai ɗaya a mako, ganyen shayi wajen giram 57. A 1941 albasa ta yi wuyar da har ana sa ta a matsayin kyautar gasa. Burodi ma an raba shi da kati daga 1946 zuwa 1948. Yarinyar da aka haifa a 1935 ta kusa shekara ashirin kafin ta ga kasuwa a sake, ita ce kuma ta girka wa 'yan baya. Sojojin Amurka da suka zauna nan lokacin yaƙin suka koma gida da labarin, sunan ya bi su.

Duk da haka harshensu bai mutu ba. Hannah Glasse ta sa girkin kori a littafinta tun 1747, wani Ba'indiye, Sake Dean Mahomed, ya buɗe gidan abincin Indiya a Landan a 1810. Mastad ɗinsu na Colman's kuwa, wallahi lakuta ɗaya ta hanci yake fita, sai da na yi hawaye. A 2001 ministan harkokin wajensu, Robin Cook, ya kira kaza tikka masala abincin ƙasa. Yau da wuya ka shiga gari, komai ƙanƙantarsa, ka rasa gidan kori, akasari na mutanen Bangaladash.

Citta mai 'ya'ya ce dai ba ta koma tukunyarsu ba. Yanzu masu haɗa barasa na amfani da ita, kamar masu yin Bombay Sapphire. Mai son ta don miya ko kunu sai ya nufi shagunan 'yan Afirka a Pekam, can kudancin Landan. A gaida mutanen gida.